Ni Kaɗai Ce Mace a Motar

Da aka mayar da ni sashen duba ayyuka a hukumarmu na yi murna, domin duk wanda ya ɗan daɗe a aikin gwamnati a Abuja ya san mai fita jihohi shi ake gani. Kafin nan na shafe shekaru a kan tebur ɗaya ina karanta rahoton da wasu suka rubuto. Aikin sabon sashen shi ne mu bi rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitocin da hukumar ta ba da kwangilarsu, mu gani da idonmu ko an yi ko ba a yi ba. A unguwar Kado muke zaune a lokacin, ni da maigidana da yaranmu biyu. Ya amince da tafiye-tafiyen, sai dai ya ce in dinga kiransa duk garin da muka sauka.

Farar mota ce mai ƙofa huɗu da bodi a baya ake ba mu. Shugaban tawagar mataimakin darakta ne, dattijo mai yawan shiru wanda kowa ke kira Oga. Sai injiniyoyi biyu, sai direba, sai ni. Tun tafiyar farko Oga ya bar mini kujerar gaba don kada in matsu a tsakanin maza, shi ya koma baya. Mutanen kirki ne dukansu, babu wanda ya taɓa gaya mini maganar da ba ta dace ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa zuwa ran kowa ba. Idan tafiya ta yi nisa wani zai ce wa direba ya ɗan tsaya, sai ya gangara gefen titi, su ɗauki buta su bi bayan bishiya, su dawo a ci gaba. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai a kan waya kamar ina karanta wani abu. Babu inda mace za ta tsuguna a irin wannan wuri, kuma nauyin buɗe baki in gaya wa maza huɗu bukatata ya fi ƙarfina. Ga shi ni sabuwa ce, ba na so a ce tunda aka sa mace a tawaga tafiya ta zama wahala.

Sai na yi wa kaina dabara. Tun yammacin jajibirin tafiya nake rage shan ruwa, da safe kuma ko shayi ba na kurɓa. Idan muka tsaya a Zuba suka sayi kankana da lemo suka miƙo mini, sai in ce na gode. Tafiyarmu ta fi faɗawa ranar Litinin, don haka suka ɗauka azumin nafila nake yi, ni kuma ban gyara musu ba. Alwalar da na yi a gida ita nake riƙewa har la'asar in haɗa salla. Sai mun isa masauki nake shan ruwa, shi ma da lissafi, saboda gobe akwai shiga ƙauyuka. Haka na yi ta yi har ya zame mini jiki. Ciwon kan da nake sauka da shi kuwa na ɗora shi a kan rana da ramukan hanya.

Bayan wata tafiya da muka yi ƙauyukan Neja a tsakiyar zafin bazara na dawo gida da zazzaɓi da ciwo a gefen bayana. Na ce maleriya ce, na aika kemis aka sayo magani, washegari na tafi ofis domin akwai rahoton da ake jira. Kafin azahar sanyi ya rufe ni har haƙorana na haɗuwa. Wata abokiyar aiki ta kira maigidana ya zo ya kai ni asibiti. Likitar da ta duba ni ta tambaye ni yadda nake shan ruwa da yadda nake zagayawa, na gaya mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ciwon mara ne na bari ya hau har ƙoda, kuma ba ni ce mace mai aiki ta farko da ta zo mata da irin wannan ba. Aka kwantar da ni, aka sa mini ƙarin ruwa.

Ranar Asabar wata babbar ma'aikaciyarmu ta zo duba ni. 'Yar Filato ce, Kirista, ta girme ni sosai, kuma ita ta yi aikin duba ayyuka shekaru kafin a mayar da ita sashen horaswa. Anti muke ce mata. A Jikwoyi take zaune, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya ya san ba ƙaramin zumunci ba ne mutum ya taso daga can ranar hutunsa. Ta zo da kunun acca a fulas. Da maigidana ya fita salla ta jawo kujera kusa da gadon. Hausarta ba ta damu da bambanta ka da ki ba.

Ta ce, "Ba ka shan ruwa a hanya, ko?"

Na tambaye ta ko likita ce ta gaya mata. Ta ce ba ta ga likita ba, ita ma haka ta yi a shekarunta na farko, sai dai ita Allah ya taimake ta ciwon bai wuce mara ba.

Ta daɗe tana magana ina sauraro. Ta ce da direba ake shirya tafiya, tun kafin a bar ofis. In same shi shi kaɗai in gaya masa za a tsaya mini a hanya, shi ya san gidan man da ke da banɗaki mai ƙofa da babban masallacin da ke da ɓangaren mata. Idan an shiga ƙauye kuma abin ya fi sauƙi, domin babu gidan da mace baƙuwa za ta yi sallama a hana ta zagayawa. Ta ce in sayi butata in daina dogara da ta mota, in sa sabulu da babban zani a jaka, in ajiye takalmi mai tsini a gida. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan ake sha tun daga safe, ba a bari sai an galabaita a kwankwaɗa. Ta kuma ja mini kunne kan abincin bakin hanya, ta ce ita dafaffen ƙwai da gyaɗa da ayaba take tafiya da su, sai an isa inda ta ga tukunyar a kan wuta take cin mai miya. Da za ta tafi ta ce in cire wa raina cewa alfarma nake roƙo, aikin gwamnati ne ya fito da ni kamar yadda ya fito da su.

Na koma aiki bayan na murmure. Aka fitar da sunayen masu tafiya ta gaba babu nawa. Na ce wataƙila ana so in huta. Ta bayanta ma babu. Gaskiya ban ƙi ba da farko. Ina ɗauko yara daga makaranta da kaina, ranar Asabar in shiga kasuwar kifi in zaɓi wanda nake so maimakon in aika. Maigidana bai ɓoye jin daɗinsa ba, ya ce dama wannan yawon bai dace da lafiyata ba. Amma a ofis na koma inda na fito, ina gyara rubutun rahoton da wasu suka je suka gani, sunansu ne a kai. Na san idan aka zo ƙarin girma abin da mutum ya yi ake tambaya.

Na koma wa Anti da maganar. Ta ce Oga ba mugu ba ne, tausayi ne, amma tausayin zai iya zaunar da ni a tebur har in yi ritaya, kuma babu mai gaya masa sai ni.

Na same shi a ofishinsa bayan azahar. Muka gaisa, ya tambayi jikina, na ce da sauƙi. Sannan na ce na lura an daina sa ni a tafiya. Ya ce shi ya ce a bar ni, ba zai so ya ɗauki 'yar mutane ta faɗi masa a daji ba, tunda tafiyar ba ta karɓe ni ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tafiyar ce ta kwantar da ni ba. Ruwa ne ba na sha, saboda idan an tsaya a gefen titi ni babu inda zan shiga."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Na ga kunya ta kama shi fiye da yadda ta kama ni.

Ya ce, "To Hajiya, me ya hana ki faɗa tun tuni?"

Na ce nauyin baki ne.

Ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata, amma wallahi abin bai taɓa faɗo masa ba. Ya ce za a mayar da sunana. Ganin ƙofa ta buɗe, na ƙara roƙon abu biyu da muka tattauna ni da maigidana: kada a haɗa mini tafiya biyu a jere, kuma a bar ni a gida lokacin jarrabawar yara. Na farkon ya amince. Na biyun ya ce ba zai yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, aiki ba ya sanin kalandar makaranta, amma idan na sami wanda za mu yi musaya da shi ba zai hana ba. Na ga ya yi adalci. A gida sai da muka ɗan kai ruwa rana kafin maigidana ya sauko. Sharaɗinsa shi ne ranar da na dawo daga tafiya ba zan buɗe kwamfuta a gida ba, kuma zan koma wajen likita duk lokacin da ta ce in dawo.

Kafin tafiya ta gaba na sami direbanmu yana goge mota a harabar ofis, na yi masa bayani a taƙaice. Bai ɗago ya kalle ni ba, ya ce ba komai Hajiya, ya san wurare. Tsayawar farko a wani gidan mai ce bayan mun wuce Suleja. Banɗakin a kulle yake, sai da aka nemo mai makullin, kuma abin da na tarar a ciki bai kamata a rubuta ba. Na gode wa Anti da sabulunta. Na dawo na tarar babu wanda ya kalli agogo, injiniyoyin suna sayen gyaɗa. Daga baya direban ya gane wuraren da suka fi tsabta, har ya zama shi yake juyowa ya ce nan gaba akwai wuri mai kyau, ko a tsaya.

Shiga gidaje a ƙauye ya kawo mini abin da ban zata ba. A wani ƙauye mun duba famfon tuƙa-tuƙa, ruwa na zuwa, injiniyoyi suka rubuta yana aiki, masu gari suka yi godiya. Ni kuma na yi sallama wani gida don in zagaya. Ina wanke hannu na ga ruwan randar jajir ne. Na tambayi uwargidan, ta ce daga rafi yara ke ɗebowa. Famfon an haƙa shi daidai inda maza ke zaman hira, matan aure ba sa iya zuwa, 'yan mata ma ana hana su. Na sa wannan a rahoto. Ba a ɗauke famfon ba, ba shi yiwuwa, amma daga baya aka ƙara tambayar wurin da za a haƙa a cikin abin da muke dubawa tun kafin a fara aiki. Tun daga nan duk ƙauyen da muka je sai na shiga gida ko da ba ni da bukata.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Har yanzu idan na yi sakaci kwana biyu gefen bayana yakan tuna mini. Ƙarin girman ya zo, tare da na sa'o'ina. Jarrabawar yara ta sha samuna a hanya, wani lokaci na sami mai musaya, wani lokaci babansu ne ya zauna da su.

A shekarar da Oga zai yi ritaya mun tsaya wani gidan mai a hanyar Lafiya. Na fito na same shi yana zagaya harabar a hankali, hannuwansa a baya. Ya tsaya ya ce mini ya daɗe da ciwon suga, likitansa ya sha gaya masa kada ya yi doguwar tafiya bai sauka ya taka ƙafa ya ci wani abu ba, amma yana ganin idan shugaba ya cika cewa a tsaya, na ƙasa da shi za su ce tsufa ya kama shi. Ya ce yanzu kam yana fakewa da ni. Na ce ya ci gaba da fakewa, babu mai ji a bakina. Ya ciro dabino daga aljihu ya ba ni, ya kai wa direba da injiniyoyi, muka shiga mota. Mun isa Lafiya ana kiran la'asar, muka wuce sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ma'aikata su tashi.