Zanen da Ya Wuce Ƙofar Gidana

Aikin akawu na yi har na ajiye, kuma sunan aikin ya biyo ni gida. A unguwarmu ta Bekaji da ke Jimeta, Baba Akawu ake ce mini. Mahaifiyata ma, wadda muke kira Dada, Akawu take cewa, musamman idan na ba ta haushi. Abin da na fito da shi daga ofis shi ne yarda da takarda. A wurina duk abin da mutum ya rubuta da kyau, ya kai aka buga masa hatimin karɓa, to ya zama hakkinsa, sai dai a jinkirta masa.

Gidanmu a bakin titi yake. A tsallake, ƙofa na kallon ƙofa, gidan ƙanwar Dada ne. Kakanninmu fatake ne daga Kano, amma mun daɗe a ƙasar nan har bakinmu ya juya, don haka Yafendo muke ce mata, yadda Fulani ke kiran ƙanwar uwa. Tun da muka tare a unguwar, kullum bayan la'asar Dada za ta yafa mayafi ta tsallaka, su zauna a tabarma ɗaya suna tsinkar zogale, suna musu a kan abubuwan da duk shaidunsu sun mutu. Titin a lokacin ɗan siriri ne, akuya ma kwanciyarta take yi a tsakiya.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Mutanen Mubi da Michika suka kwararo Yola da Jimeta da abin da hannunsu ya iya ɗauka. An hana acaɓa, kekuna masu ƙafa uku suka cika gari, aka toshe wasu hanyoyi da durama saboda tsaro, motocin da a da ba su san da mu ba duk suka juyo titinmu. Daga baya aka faɗaɗa shi, aka raba shi biyu da kankare mai kaiwa gwiwa. Matasa su yi tsalle su haye. Dada kuwa gwiwoyinta sun riga sun ƙi, sanda take dogarawa.

Za a ce me ya hana mu sa ta a keke a zagaya da ita ta shataletale. Mun yi sau ɗaya. Keken ya kauce wa wata mota ya karkace, Dada ta gwara goshi da ƙarfe, ta rantse ba za ta ƙara shiga wannan gwangwanin ba, kuma Dada ba ta rantsuwa a banza. Yafendo ita ma ciwon suga ya kwantar da ita. Sai ya zama 'yan'uwa biyu da ke iya hango ƙofar juna ba sa haɗuwa sai da Salla, idan na aro motar wani. Sauran lokaci waya ce, kuma dukansu kunnen ya yi nauyi, kowace ta yi ta ihun nata labarin har katin ya ƙare.

Na ɗauko biro. Na rubuta wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ta hannun kansilanmu, ina roƙon a yanke kankaren daidai ƙofata, a yi farin zanen tsallakawa, a sa tudun rage gudu a kowane ɓangare. Har taswira na zana da rula. Suka ce ana fama da 'yan gudun hijira, makarantu sun zama masauki, a yi haƙuri, kuma gaskiyarsu ce. Na yi haƙurin, amma duk bayan 'yan watanni sai in aika tuni. Fayil ɗin ya yi kauri har masinjan ofishin yana hango ni yake miƙo hannu ba tare da ya tambayi me na kawo ba.

Cikin waɗanda suka gudo akwai wata mata Kirista daga Michika, mijinta bai sami fitowa daga can ba. Ta fara suyar ƙosai da kasko ɗaya a gindin darbejiya, a ɓangarenmu, falwayar wuta uku daga gidana. Ban taɓa samun matsala da ita ba. Matata ce ma ta ba ta tsohon bencinmu. Daidai wurinta wata tifa ta taɓa dukan kankaren ta ɓalle masa baki, ga kekuna kuma suna tsayawa sayen ƙosai, don haka motoci dole su rage gudu a nan.

Ni kuwa ina da aikin da na ɗora wa kaina. Da safe nakan fito da kujera ƙofar gida, duk wanda na gani zai tsallaka a gabana in daka masa tsawa. 'Yan makaranta, mata masu goyo, har manyan mutane. "Nan ba wurin tsallakawa ba ne! Ku gangara wajen mai ƙosai." Ina tsoron a buge wani a ƙofata kafin zanen ya zo. Shekaru na yi ina wannan, har unguwa ta haddace. Ko baƙo ne ya nufi bakin titi a nan, sai wani ya ja masa riga ya ce kada ya jawo faɗan Baba Akawu.

Da abubuwa suka lafa, wata safiya na ga wani saurayi da 'yar shat da hular hana salla zaune a kan dakalin shagon da ke kusa, yana rubuce-rubuce a ƙaramin littafi. Kwana uku yana zuwa. Na ɗauka mai karanta mita ne, ko ɗaya daga cikin masu zuwa ƙidayar gidan sauro. A rana ta uku ya zo gabana ya tsaya a bakin kwalta yana duba hagu da dama.

Na ce, "Kai samari, ina za ka?"

Ya ce, "Baba, ina kwana. Mutane na tsallakawa ta nan kuwa?"

Na ce, "Ta nan? Ko kaza ba ta tsallakawa ta nan. Duk unguwar nan wajen mai ƙosai suke bi. Ka tambayi kowa."

Na faɗa da alfahari, har da buga sanda a ƙasa. Ya yi godiya, ya rubuta wani abu, ya tafi.

Bayan wata biyu ma'aikata suka sauka da guduma da bokitan fenti, suka wuce ƙofata kamar ba su ga gida ba, suka tsaya a gindin darbejiya. Na saka babbar riga na ɗauki fayil na nufi sakatariya. Wanda aka nuna mini a matsayin injiniyan aikin shi ne mai hular hana sallar nan. Ya ba ni kujera, ya ce duk takarduna ya karanta, su ne ma dalilin da ya sa aka saka titinmu cikin aikin bana. Na ce to me ya sa zanen ya sauka a wani wuri?

Ya ce, "Baba, mu ba ma zane inda mutane ba sa bi. In muka yi, fenti kawai muka ɓata, za su ci gaba da bin tsohuwar hanyarsu. Shi ya sa nake zama in ƙirga ƙafa. Kwana uku ban ga mutum ɗaya ya tsallaka a ƙofarka ba. Kai da bakinka ma ka tabbatar mini."

Na tattara fayil ɗina na fito, zafin Yola na dukan ƙeyata.

Aikin ya yi kyau, kuma kyawunsa ne ya fi ƙona mini rai. An yanke kankaren daidai ƙasa, ko mai keken guragu zai wuce. Ga tudu a kowane ɓangare, ga allo mai hoton mutum yana tafiya. Ranar da aka gama kansila ya zo da jauro, wato mai unguwa, aka ɗauki hoto, mai ƙosai a tsakiya da sabon ɗankwali. Ni ina daga ƙofata ina kallo. Babu wanda ya hana ni zuwa, an ma aiko kirana sau biyu, na ce ƙafata na ciwo.

A Jimeta masu keke ne ke raɗa wa wuri suna, kuma in suka raɗa ya zauna. Cikin mako ɗaya na ji fasinja na cewa, "A sauke ni a Zanen Mai Ƙosai." Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. A raina, ban taɓa faɗa wa kowa ba, na riga na ji yadda "Zanen Akawu" zai yi daɗi a bakin mutane. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Matar da ta zo garin nan da zane ɗaya, wadda ko takardar roƙo ba ta taɓa rubutawa ba, ita ce ta gaji shekarun da na yi ina sintiri. Kaskonta ya zama biyu, ta ƙara da kunu. Na daina cin ƙosanta, na ce mai ya yi masa yawa. Matata ta dube ni ta ce, "Shekara nawa kana ci man bai dame ka ba?" Na ce ta kawo mini shayi kawai.

Abin da ya ƙara dagula ni, matar ta zo har gida da ƙosai a kwano, ta durƙusa daga bakin zaure. Da Hausarta ta mutanen dutse ta ce, "Baba Akawu, mun gode. Mu ya sani kai ne ya rubuta takarda. Allah ya ba ka lada. Ka kawo Dada, ni zan riƙe shi ya tsallaka."

Da ta yi mini gori da na ji sauƙi. Na amsa a daƙile, na ce an gode, na tura kwanon cikin gida.

Dada ta ji labari, domin babu abin da ke wuce ta duk da nauyin kunnen. Da la'asar ta ce, "Akawu, an ce an yi hanya. Ɗauko mini mayafi."

Na ce, "Dada, hanyar da suka yi da nisa. Gwiwarki ba za ta kai ba."

"Nisa kamar ina?"

"Can ƙasa. Ki bari, na rubuta musu su ƙara wata a nan ƙofarmu. Kwana kaɗan ne."

Na rubuta ɗin kuwa, shafi biyu, har da sabuwar taswira. Amma na san ba za a yi zane biyu falwaya uku tsakani ba. Ko ni ne a kujerar ba zan sa hannu ba. Gaskiyar ita ce ba na son a gan ni riƙe da hannun mahaifiyata ina taka zanen da ake kira da sunan wata, ga masu keke suna kallo, ga ita mai ƙosan tana yi mana sannu. Na fi son Dada ta fara tsallakawa a nawa. Kullum ta tambaya, kullum in ce ana kan magana. Wata rana ta ce matata ta raka ta, na ce rana ta yi zafi, a bari sai an yi ruwa. Ta waya Yafendo ke ihu, "Yaya, an ce an yi hanya, me kike jira?" Dada ta ce, "Akawu nake jira." Haka muka ci mako uku.

Ranar wata Laraba da hantsi na ga ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Yafendo. Kafin wayata ta yi ƙara na gane Yafendo ta rasu. Na shiga ɗakin Dada, na tarar ta riga ta ɗauko mayafin da kanta, tana laluben sandarta. Ba ta yi kuka ba. Na riƙe hannunta muka fito.

Muka bi gefen titi a hankali. Falwaya ta farko, ta biyu. Sau ɗaya ta tsaya ta huta. Mai ƙosai na hango mu ta sauke kaskonta daga wuta, ta goge hannu a zane, ta shiga gaba ta ɗaga wa kekuna hannu. Ba ma sai ta ɗaga ba, tudun ya riga ya tsayar da su. Ta dawo ta kama ɗaya hannun Dada, muka taka farin zanen mu uku, muka ratsa ta inda aka yanke kankaren, muka sauka a ɗaya ɓangaren. Ko minti biyu ba mu yi a kan kwaltar ba.

Dada ta tsaya tana mayar da numfashi. Ta juya ta dubi zanen, ta ɗaga kai ta dubi ƙofar gidanmu, ga kujerata can a inda na bar ta. Sannan ta dube ni.

Ta ce, "Akawu, ashe nan ne kawai?"

Ta zare hannunta daga nawa, ta bar wa mai ƙosai ɗayan, suka nufi ƙofar Yafendo, ni ina biye da su a baya.