Kilishina a Ƙofar Coci

Birnin Kebbi zuwa Malanville

Muna gama sahur na sa aka ɗaure min kwalayen kilishi a bayan mota. Da hannuna na yi shi, kuma duk jarina yana ciki. Lissafina shi ne azumi ya kama, mai shan ruwa zai nemi nama. Direba ya ce, "Hajiya, ƙamshin nan zai karya mana azumi." Na ce ya dubi titi. Muka tsallaka iyaka ta Lolo, na kwana Malanville.

Parakou

A nan muka sha ruwa da koko mai tsami da ƙosai. Na lura layin mai kifi ya ninka na mai tsire. Ban so abin da na gani ba.

Zangon Kwatano

Rakiya, ɗiyar ƙanena mai shago a Zango, ta buɗe kwali ta dube ni.

"Gwaggo, da kin kira ni."

"Sai na nemi izininki?"

"Ba haka ba. Mutanen Zango koko da abarba suke shan ruwa da su, kuɗin nama sai Salla. Masu sayen kilishi ma'aikatan unguwar Cadjèhoun ne, su kuma bana azuminsu na Kirista ya haɗu da namu. Karem suke ce masa. Da yawansu sun bar nama sai Ista."

Iskar teku ba ta raga wa kilishi. Kafin mako ya zagayo ya fara laushi, na shinshina na ji hunhuna na tafe. Na zauna ina kallon matan Zango. Wannan ta ajiye tsire ta koma suyar kifi, waccan ta cika teburi da wake da dabino. Kowace ta san azumi biyu kamar ita ta ga watansu. Ban cika yabo ba, amma waɗannan sun san kasuwa.

Ran Lahadi Rakiya ta tsayar da babura biyu.

"Hau, Gwaggo. Lahadi ba ta cikin azuminsu."

"Ni, da azumi a bakina, ƙofar coci?"

"Ba shiga za ki yi ba."

Muka shimfiɗa a gindin bishiya. Da aka taso daga coci sai ga su sun yanyame mu. Wata dattijuwa ta ɗanɗana ta lumshe ido, ta miƙo min guntu. Rakiya ta gaya mata da Faransanci ina azumi. Matar ta mayar da abin da ke hannunta cikin takarda ta naɗe, ta ce sai ta isa gida. Saura ma suka bi sahunta, ba wanda ya ƙara tauna a gabana. Kafin la'asar kwalaye sun zama wayam.

Gida

Na iso Birnin Kebbi ana shirin Salla. Na gode wa Allah, na gode wa Rakiya, duk da ban faɗa mata ba. Badi kafin in yanka nama, sai na kira ta na ji watan kowa.