Kifin da Ƙuda Ya Ƙi

Idan ambaliyar kogin Haɗeja ta janye, takan bar mana tafki a bayan gari cike da tarwaɗa da karfasa. Ba mai jefa koma a cikinsa sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe shi, kowa ya shiga tare. Da wannan muka tashi. Ƙanena kuwa, autan gidanmu, ya ba shekara ashirin baya amma bai iya jiran komai ba, ko tuwo da zafinsa yake sa wa hannu.

Wata safiya shi da abokinsa suka tsiyaya maganin ƙwarin shinkafa a tafkin. Kifi ya taso sama a galabaice, suka kwashe, suka ɗora a babur sai kasuwar Haɗeja. Masu banda ne suka gano su. Ƙuda na ta bin kifin kowa, nasu ko ɗaya bai sauka a kai ba. Kafin azahar, shanun wani makiyayi maƙwabcinmu da suka sha ruwan tafkin sun kwanta, wasu ba su tashi ba. La'asar a hannun 'yan sanda ta sami ƙanena.

A wajenmu idan yaro ya yi laifi, dattawan gida kan sa manyan riguna su je ba da haƙuri, a kashe magana kafin ta kai gaban alƙali. Inna ta ciro wa Baba rigarsa ta Juma'a ta shimfiɗa a tabarma.

Baba ya ce, "Mai da ita. In je in ce musu me?"

Ni ce babba, kuma bakina ba ya shiru. Na ce, "Baba, ɗanka ne fa."

"Na sani. Waɗanda za su ci kifin ma 'ya'yan wasu ne."

Na ji haushinsa ranar, har yanzu ban gama hucewa ba, ko da yake na kasa cewa bai yi daidai ba. Rugar makiyayin ya tafi jaje, da tsohuwar taguwarsa ta gona. Alƙali ya yanke wa ƙanena watanni a gidan yari.

Da na kai masa dambu can, na tarar ya rame, ya ce min, "Yaya, ni fa kifi kawai na so kamawa." Na ji kamar in kwaɗa masa mari. Sai da na hau a-daidaita-sahu na yi kukana.

Ya fito ya zama shiru-shiru, ya koma kogi da fatsa. Ranar da ya fara kamo tarwaɗa, Inna ya kawo wa, yana murmushi. Ta sa masa albarka, ta zuba a faranti. Maimakon ta gyara, sai ta ajiye farantin a tsakar gida cikin rana, ta zauna gefe tana tsintar shinkafa. Duk mun san abin da take jira. Shi ma yana tsaye a bakin zaure, ya sani.

Da ƙuda ya sauka, ta miƙa hannu ta ɗauki wuƙa.

Ya ce a hankali, "Inna, har ke?"

Ba ta ɗago ba. Har yau haka take yi, shi kuma ba ya fita sai ya ga ƙudan ya sauka.