Gangunan da Muka Binne a Bayan Kamfanin Jima

Talata, daga gida zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na hau bayan babur ɗin maƙwabcina daga ƙauyenmu na ƙasar Makoda. Shekarar ta yi mana tsanani: taki ya gagare ni, geron bai yi ba. A rediyo na ji cewa gwamnati ta ware kuɗi don a binciki filayen kamfanonin da suka mutu a birni, a kwashe gubar da ke ƙasa, a sake gina wuraren. Aka ce ana neman tsofaffin ma'aikata su yi jagora. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya na yi a wani kamfanin jimar fata kafin a rufe shi.

A Dambatta motar ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Direba ya ce, "Baba, sari za ka je?" Na ce, "Aiki zan nema." Ya dubi furfurata, ya tayar da mota. Shinge biyu muka wuce, tara saura muna Ƙofar Ruwa. Daga nan na shiga a-daidaita-sahu.

A kamfanin

Rufin duk an kwashe, ciyawa ta cinye ɗakin wankin fata. Ina tsaye a ƙofa na ji an ce, "Yaya Sule!" Haladu ne, mutumin Bagwai, wanda ni na nema masa aiki a nan, na koya masa riƙe wuƙar kankare fata. Ga shi da hular kwano da sabon takalmi har gwiwa, fuska ta murje. Mako biyu ke nan da ɗaukarsa jagora.

Ya kai ni gaban injiniyar da ke shugabantar binciken, wata mata mai tabarau. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, jagora ɗaya aka yarje mana mu ɗauka."

Haladu ya saya mini shinkafa da wake. Na ci, amma wallahi da haushi. Na zauna a inuwa ina kallonsa yana nuna wa masu binciken inda za su haƙa, suna zuba ƙasa a kwalabe. Duk a gaba suke, wajen tsohon ofis, inda babu komai. Gangunan maganin jima da suka lalace a baya muka binne su, gindin wata giginya, tun Haladu bai zo ba. Da hannuna na haƙa. Na ja bakina na yi shiru, ina jin daɗin ganin yana kai su inda ba nan ba.

A ɗakinsa na kwana, a kan katifarsa, shi a tabarma. Wannan ma haushi ya ba ni.

Laraba

Bakwai na safe na zaga bayan kamfanin ni kaɗai. Katangar ta faɗi. A gindin giginyar wani dattijo ya kafa lambu, yana ban-ruwa, an ɗaure alayyafo dami-dami za a kai kasuwa. Na ce, "Malam, ƙasar nan tana yi?" Ya ce, "Tana yi, sai dai ƙafa na ƙaiƙayi idan an daɗe a ciki."

Ba zan yi ƙarya ba, ba tausayin masu cin ganyen kaɗai ya mayar da ni ba. So nake a ga wanda ya san wurin. Ina isa wurin masu binciken na ɗaga murya a gaban kowa na ce, "Hajiya, jagoranku bai san komai ba. Ku biyo ni."

Ƙarfe goma sha ɗaya ƙarfensu ya daki ganga. Ƙasar ta fito shuɗi-shuɗi, wari ya kore mu baya. Injiniya ta sa aka kewaye lambun da igiya. Dattijon ya tsaya da bokiti a hannu yana dubana, ya ce, "To ni yanzu ina zan nufa?" Na juya na bi injiniya.

Ta rubuta sunana, ta yi godiya. Ta ce, "Tun ranar farko Haladu ya ce akwai wani Sule da ya fi shi sanin nan, lambar wayarka ce ba shi da ita." Aikin dai nasa ne, an riga an sa hannu.

Komawa

Haladu ya raka ni har tasha, bai tayar da maganar ba. Ya ce, "Yaya, idan an fara kwasar ƙasa za a nemi leburori, zan sa sunanka." Wato in yi aiki a ƙarƙashinsa. Na ce, "Allah Ya kai mu." Lambar dai na ba shi.

Biyu da rabi muka tashi, bayan la'asar ina tsakar gidana. Mai ɗakina ta tambayi Haladu, na ce yana nan lafiya, ya yi ƙiba. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Haladu da masauki. Abin da ke zuciyata game da shi kuwa, har yau ina roƙon Allah Ya cire mini, bai gama fita ba.