Bindigar Alhaji da Ta Ƙi Harbi na Biyu

Jama'a, wallahi abin nan da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma har yau in na tuna haushi ne ke fara zuwa min kafin tsoro. Shekarun baya ne ina Lyon, na gama karatun kanikanci na samu aiki a wani ɗan shagon gyaran bindigogin farauta a bayan gari. Maigidana wani tsohon Bature ne marar son magana, ya ɗauke ni gwaji, ya ce in hannuna ya yi masa zai ba ni kwantiragi na dindindin. Takardar zamana a ƙasar kuwa a kan kwantiragin nan ta rataya, in babu shi sai dai in tattara kayana in koma Maraɗi.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Laminu, aminin mahaifina, likita ne a Paris. Da girma ya zo masa sai ya ɗauki wasan nan na Turawa, inji ya cilla faifan laka sama kai kuma ka harbe shi. Ya zo ganin 'yarsa a Lyon, ya shigo shagonmu da bindiga a jaka, ya ce wa maigidana ai ɗansa na aiki a nan, shi ya sa ya tsallake duk masu gyaran Paris. Ni ina ta murmushi, ban san wahala ce aka kawo min har gida ba.

Bindigar irin mai ɗura kanta ce, ka harba ta tofar da kwanson harsashi ta jawo sabo. Alhaji ya ce harbin farko lafiya lau, amma na biyu ba ya zuwa, sai kwanso ya maƙale a ƙofa. Na ce wannan ai ciwon kullum ne. Na warware ta, na tsefe 'yan ramukan da hayaƙi ke bi ya tura ƙarfen baya, na kankare baƙin da ya daskare, na sa mai daidai kima. Na shiga ɗakin gwajinmu na ƙasa na yi ta harbi, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Alhaji ya ɗauka ya tafi yana sa min albarka.

Ba a yi sati ba ya bugo waya, kuma ba ni ya kira ba, lambar shago ya kira, maigidana ya ɗauka. Bindiga ta dawo. Na canza sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar nan da ke mayar da ƙarfen baya wurinsa, na canza 'yar ƙugiyar da ke finciko kwanso, na gwada ta da harsashi mai ƙarfi da marar ƙarfi, duk ta cinye su. Aka mayar wa Alhaji, ta sake maƙalewa. Kai, ranar har abinci na kasa ci. Maigidana ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi bai taɓa ajiye ma'aikacin da aiki ke dawo masa sau uku ba, ya juya ya ci gaba da abin da yake yi.

Ni fa na san abin da ya rage. Wasu bindigogin in ba ka danna gindinsu a kafaɗa da kyau ba, ba sa samun ƙarfin tofar da kwanso. To amma ku gaya min, da wane baki zan ce wa aminin ubana, mutumin da ya halarci sunana, bai iya riƙe bindiga ba? Na kira shi na yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa ta cinye rabin wayar, na ajiye ban faɗa ba. Ƙarshe dai ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na ce in gani da idona.

Na same shi a wajen unguwar Barbès, muka shiga motarsa zuwa filin harbin, da rana tsaka, Turawa cike. Na buɗe sabon kwalin harsashi, jajaye ne na roba, na ɗura da hannuna, na harba duka suka fita sumul. Na sake ɗurawa na miƙa masa, na tsaya a bayansa ina kallon kafaɗarsa. Wallahi riƙon da ya yi mata ni ma ban fi shi ba. Ya yi bisimilla ya harba na farko, ya ja kunama a karo na biyu, shiru.

"To ka gani, ɗana," in ji shi. "Kullum haka take yi mini, ni ban san mi na yi mata ba."

Na karɓa raina a ɓace, na ja ƙarfen baya na sa yatsa na zaro kwanson. Sanyi na fara ji. Abin da ke hannuna ba ja ba ne, kore ne, kuma na takarda, irin na da can wanda sai a hoto nake ganinsa. Ya kumbura ya jiƙe sharkaf, yana warin taɓon tafki, ruwa na bin yatsuna, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Na duba ƙasa ina neman jan kwanson da ya harba, babu shi. Innalillahi! Na ce Alhaji, da ma irin wannan kake cirowa? Ya ce e mana, shi ya ɗauka haka wuta ke mayar da su, zubarwa yake yi. Na tambaye shi inda ya samo bindigar, ya ce wajen wata tsohuwa ce, ta mijinta ce mai harbin agwagin ruwa, iyakar abin da ya sani ke nan.

Na naɗe kwanson a leda, Alhaji ya biyo ni da bindigar zuwa Lyon a mota. Ran Litinin na ajiye ledar a gaban maigidana na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya juya kwanson, ya shinshina, sannan ya ce an daina yin irin wannan tun kafin a haife ni, kuma ya ga masu kasa aiki iri-iri amma bai taɓa ganin wanda ya je kasuwar tsofaffin kaya ya sayo wa kansa uzuri ba. Ya ce in kwashe kayana. Maganar nan ta ƙona min rai fiye da korar, ga gaskiya a hannuna amma an mai da ni maƙaryaci, har hawaye suka cika min ido.

Ina zuba kayan aikina a jaka sai na ga ya ɗauki bindigar ya sauka ɗakin gwaji, don ya nuna min yadda ake aiki. Na ji harbi ɗaya. Na tsaya ina jiran na biyu, na jira, na jira. Can ya hawo a hankali, fuskarsa ta yi fari fat, hannunsa na dama a dunƙule, ruwa na ɗiga daga tsakanin yatsunsa. Bai dube ni ba, ya ce in mayar da kayana wurinsu, gobe in zo da wuri.

A satin ya sa hannu a kwantiragina. Ya kira Alhaji da kansa ya ba shi wata bindigar, waccan kuma ya kulle ta a kabad ɗin baya, bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na sani kawai, duk shekarun da na yi a shagon akwai tsumma a ƙasan kabad ɗin nan, kuma ni nake matse shi.

Don haka 'yan'uwa, duk wanda zai sayi tsohon abu, musamman makami, ya tambayi a hannun wa ya fito da yadda suka rabu. In kuma kun bi duk hanyar gyara abu ya ƙi, ku nemi tsarin Allah ku ajiye shi, kada ku ce sai kun ga ƙarshensa.