Jirgin Ruwa a Tsakar Gidanmu

Ranar Asabar ta farko bayan an ba mu hutun ƙarshen shekara, ina aji biyar a firamare, ina bakin rijiya ina wanke tukwane sai na ji yaran unguwa sun kaure da ihu. Na fito da kumfa a hannu, na tarar da wata tsohuwar motar katako ta toshe lungunmu, a bayanta kuwa jirgin ruwa ne na ƙarfe, fentinsa duk ya ɓare. Mu 'ya'yan cikin garin Kontagora ba mu saba ganin jirgi ba sai a littafi. Ƙarti takwas suka sauke shi, sai da aka kwance darnin bayan gida kafin ya shiga, aka ɗora shi kan tsofaffin tayoyi tsakanin rumbun dawa da turken awaki. Inna ta tsaya riƙe da taɓarya tana kallo, ta ce wa Baba, "Malam, yanzu kuma gidan namu gaɓar kogi ya zama?"

Mai jirgin shi ne Baba Ɗanladi, aminin mahaifina tun suna samari, Bakambare ne Kirista da ya koma zama wani ƙauye a bakin ruwan Kainji. Mutanen ƙauyen da kwalekwalen katako suke haye ruwa zuwa kasuwa, kuma a daminar da ta gabata ɗaya ya kife da mata, cikinsu har da ƙanwarsa. Ya sayar da shanunsa na huɗa ya sayi wannan jirgi a wajen gwanjo. Da Hausarsa mai nauyi ya ce wa Baba, "Ka tayar mini da shi kafin ruwa ya dawo. Ba na so in sake binne kowa."

Baba bakaniken injin ban ruwa ne, masu lambu duk sun san shi, amma bai taɓa taɓa jirgi ba. Wannan kuwa ko a cikin jirage daban yake. Ba shi da farfela, ruwa yake tsotsa ta ƙasa ya feso shi ta baya da ƙarfi, feshin ne ke tura shi. Ba shi da lagireto kuma, ruwan kogin ne ke zagayawa cikin injin ya sanyaya shi. Injin kansa bai ba Baba wahala ba. Abin da ya ci masa rai shi ne hanyar ruwan, domin tiyoyin duk sun ruɓe, wasu ma babu su, sai bakunan bututu a buɗe, ba wanda ya san wanne ke haɗuwa da wanne. Haka zai durƙusa ya hura iska a wannan baki, ya sa kunne ya ji inda za ta fita, ko ya tsiyaya ruwa da buta ya bi sawunsa, sannan ya tashi ya zana da gawayi a jikin bangon ɗakin Inna. Cikin mako uku ya gano hanyar. Ruwan zai taso daga famfon baya ta siririn tiyo, ya bi ta wani bawul da ke rage masa ƙarfi, ya rabu biyu ya shiga cikin injin ta dama da ta hagu, ya fita ta salansa. "In ya yi yawa ya fasa, in ya yi kaɗan ya ƙone," in ji shi.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka "Uwata" yake kirana. Hannunsa ba ya shiga ƙarƙashin injin, nawa kuwa siriri ne. Tun ranar da ya gwada ni ya ga na tura tiyo ya zauna daidai, aikin ƙasan ya zama nawa. In na gama surfe da ɗiban ruwa na ba awaki dusa, sai in shige cikin jirgin in kwanta rub da ciki. Mukan tsoma bakin tiyon a ruwan zafi ya yi laushi, in tura shi, in ɗaure da kilif, shi kuma ya ja ya ji ko ya kama. Ƙawayena na waje suna carafke da 'yar gala-gala suna kirana, ban ko ɗaga kai. Da aka koma makaranta, malamar ajinmu ta sha dukan yatsuna da rula saboda baƙin mai a farce, ban damu ba. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar a watannin nan ba.

Wata rana muka tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututu ɗaya, Baba ya ɓata yini guda yana ƙwaƙulewa da waya yana tsaki. Kashegari aka kira shi Rijau gyaran injin wasu masu lambu, zai kwana uku. Sai na yi tunanin in taimaka. Na yayyaga tsohon ɗankwalina kore mai furanni, na cusa a duk bakunan da ba mu riga mun haɗa ba, don kada zanzaro ya sake shiga. Guda ɗaya na ƙasa, da na ga ɗan akuya na jan tsumman, sai na tura shi can ciki da kara. Ranar da Baba zai dawo na bi na zare su, Inna na ta ƙwala mini kira in zo in kai niƙa. Na zare waɗanda idona ya gani, na ruga. Bayan kwana biyu, da hannuna na ɗora tiyo a kan wannan bakin na ɗaure shi tam.

Da hadarin farko ya fara haɗuwa aka ja jirgin da tarakta zuwa dam ɗin bayan gari. Rabin unguwa ya bi mu. Baba ya sa hannu a kaina ya ce wa Baba Ɗanladi, "Rabin aikin nan na Uwata ne." Su biyu suka shiga jirgin, injin ya tashi bugu ɗaya. Baba ya leƙa ya ga ruwa na fita ta salansa, ya gyaɗa kai, bai san ta gefe ɗaya kawai yake bi ba. Jirgin ya yanka ruwa da dogon feshi a bayansa, mata na guɗa, ni ina tsalle a gaɓa. Sun kai tsakiya sai ƙarar ta canza, farin hayaƙi ya turnuƙe, aka ji wani abu ya buga sau ɗaya, sai shiru. Masunta ne suka jawo su da igiya.

Injin ya tsage. Baba ya kwance shi a gida, a rana ta uku ya zura waya a bututun ƙasa ya jawo wani baƙin dunƙule. Ya zuba masa ruwan buta, ya murza, koren ya fito da furanninsa. Ina tsaye a gabansa. Ya dube ni, duban da bai wuce ƙiftawar ido ba, ya sa tsumman a aljihu. Baba Ɗanladi da ke zaune a kan turmi ya ce, "Me ka gani?" Baba ya ce, "Ni ne ban duba da kyau ba." Baba Ɗanladi ya ɗauki hularsa ya fita.

An aika har Legas ba a sami irin injin ba. Damina ta sauka, mutanen ƙauyen suka ci gaba da shiga kwalekwalen katako, kuma duk ranar da rediyo ya ce jirgi ya kife a wani wuri sai in kasa cin abinci. Ba su yi faɗa da Baba ba, amma Baba Ɗanladi bai sake taka gidanmu ba. A gari aka laƙaba wa Baba "Mai Jirgi", ana faɗa ana murmushi, masu lambu suka fara kai injinansu wani wuri, har ya rufe rumfarsa ya koma noman gyaɗa. Na yi ta jiran duka, ko faɗa, ko tambaya. Ko ɗaya bai zo ba. Baba yana saya mini littafi, yana amsa gaisuwata da fara'a, sai dai bai ƙara ce mini in miƙo masa ko sifana ba.

Yau ni ma ina da 'ya'ya. In ɗayansu ya fasa kofi sai ya rugo ya rungume ni ya ce, "Mama, ki yi haƙuri," magana ta wuce kafin a share gilashin. Mu a lokacinmu akwai kunya tsakanin uba da 'yar fari, ni kuma na sami wurin ɓuya a cikinta, shekara bayan shekara, har na yi aure. A jinyarsa ta ƙarshe na zauna a gefensa ina masa fifita, babu kowa a ɗakin sai mu biyu. Na buɗe baki da niyyar in faɗa, abin da ya fito shi ne, "Baba, in damo maka kunu?" Ya ce in damo. Har yau ban sani ba ko yafe mini ya yi da ya yi shiru, ko kuwa shirun ne hukuncina.