Hannun da Mizhir Ya Ɗaga a Kan Dabino

Matso nan kusa, gyara zamanka, shayin bai huce ba tukuna. Labarin Mizhir zan ba ka, mai hawan dabino na ƙauyenmu, can kudu da Basra, a gaɓar babban kogin nan da ya raba Iraƙi da Iran. Ka kasa kunne da kyau, don yaƙin da ke cikin labarin har yanzu bai ƙoshi ba.

Mizhir gajere ne, gwame, tafin ƙafarsa ya yi kanta har ƙaya ta daina wahalar da kanta a kansa. Ba mai kiransa da sunan yanka sai matarsa Hashmiya in ranta ya ɓaci. Kowa Abu Falih yake ce masa, da sunan ɗansu tilo. A ƙasa ba shi da wani kwarjini, tafiyarsa ma irin ta agwagwa ce. Amma bari ya zarga igiyar hawa a ƙugu ya rungumi kututture, kafin ka ƙifta ido sai dai ka ji tarinsa daga sama.

Gonarsa ba wata babba ba ce, layi guda ne na dogayen dabino da kakansa ya dasa a daidai bakin ruwa. Da su ya yi aure, da su ya sayi likkafanin uwarsa, da su yake fatan yi wa Falih aure. Dabino kuwa ba ya haihuwa don ra'ayin kansa. Idan sanyi ya fara ja da baya, kwanson furen mace ya tsage, sai an yanko furen namiji, an hau an cusa shi a tsakiyar nata, an ɗaure da ganye. 'Yan kwanaki ne kawai. In suka wuce, 'ya'yan shekarar duk su fito 'yan firit marasa ƙwallo, ko akuya sai ta yi yanga kafin ta ci.

Namijin dabinon da ya fi kowane kyau a yankin yana ƙetaren kogi, a gonar Lafta, yayan Hashmiya. Kowace shekara Lafta kan tsallako da kwalekwale, fure cike da ƙwarya, ya ci kifi ya zagi shayin ƙanwarsa ya koma. Da safiyar aiki kuwa, in kowannensu ya kai ƙololuwar itacensa, sai ya kwance rawani ya kaɗa wa ɗan'uwansa. Haka masu hawa na gaɓa biyun suke gaisawa tun kaka da kakanni. Wanda aka kaɗa wa bai mayar ba, an yi ta yi da shi ke nan har kakar baɗi.

Sai yaƙi ya zo tsakanin ƙasashen biyu. Da farko aka ce abin 'yan kwanaki ne. Matatar man ƙetare ta kama da wuta, hayaƙinta ya mai da rana kamar tsohon faranti. Manyan jiragen da suka zo ɗaukar dabino suka maƙale a kogi, suna nan suna tsatsa. Rumfunan da mata ke jera dabino a akwatuna suka rufe. Aka kira samari, aka kira yayyensu, Falih ya tafi da kakin da ya yi masa yawa. Aka zo karɓar zinaren mata don taimakon ƙasa, Hashmiya ta cire 'yan kunnenta ta miƙa. Baƙaƙen ƙyallaye masu sunayen mamata suka fara cin bangon gidaje, tun ana tsayawa a karanta har aka koma wucewa kai a sunkuye. Labarin Lafta kuwa ya yanke ɗif, babu mai cewa yana raye, babu mai cewa ya mutu.

Rabin ƙauyen ya watse. Waɗanda suka rage sukan taru a rumfar Abbud, tsohon matuƙin kwalekwale da ya koma sayar da shayi tun da aka hana shiga ruwa.

"Kai Abbud, wannan shayi ne ko ruwan ɗaurayar kofi?" in ji Mizhir wata safiya.

"Sukarin yana fagen fama, Abu Falih, yana kare ƙasa. In ya dawo da rai zan zuba maka."

"Me rediyonka ya ce yau?"

"Mun yi nasara mana. Jiya ma mun yi. Ni dai tsorona kada nasarar nan ta ƙarar da mu. An ce kuma masu sulhu sun sake sauka a babban birni."

"Waɗanda suka zo bara?"

"Ina! Sabbi ne. Na bara sun ci shinkafa da rago, sun koma sun ba 'yan'uwansu labarin girkin."

Dariyar ba ta yi nisa ba, don a lokacin ne wasu manyan motoci rufe da tamfol suka wuce kudu, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsu. Kwanakin nan ba sa yankewa. Ana ta raɗe-raɗin mutanen ƙetare suna tara ƙananan jirage a cikin ciyawar ruwa, suna jiran ranarsu.

Wata ƙaramar mota ta tsaya, hafsan da ke riƙe da gaɓar ya sauko. Matashi ne, sa'an Falih, idanunsa jajaye don rashin barci.

"Baffa, kai ne mai dabinon bakin ruwa?"

"Ni ne, ɗana."

"To saurara. Mutanen can suna da masu leƙe a kan itatuwa, su ke nuna wa manyan bindigogi inda za su jefa wuta. Mu ma muna da su. Duk wanda aka hango a sama yanzu, ba manomi ake gani ba. Tun tuni aka ba ni umarni in kwashe ku, in tuge layin nan in yi ganuwa. Ni nake jan ƙafa. Kada ka hau, Baffa. In ka hau, ba ni da sauran bakin magana."

"Furen fa? Ya kusa tsagewa."

"Ya jira a gama yaƙi."

"Yallaɓai," in ji Abbud yana goge kofi, "in ka je gida ka gaya wa mai naƙuda haka, ka dawo ka ba mu labari."

Hafsan bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya shiga motarsa ya tafi.

Ba a daɗe ba furen ya tsage. Ƙamshinsa ya cika tsakar gida, ya hana Mizhir sakat. Ya je bayan masallaci ya yanko furen wani tsohon namiji, wanda a da ko kallonsa ba ya yi. Hashmiya ta tarar da shi yana shafa wa igiya mai.

"Me kake yi da igiyar nan?"

"Kada ta bushe ne."

"Mizhir! Ni za ka yi wa wannan? Ka ji abin da hafsan nan ya ce. Ba gidanmu kaɗai ba ne, akwai maƙwabta, akwai tsofaffin da ko ƙofa ba sa iya kaiwa."

"Dabinon bara ya ƙare, Ummu Falih. Me za mu ci? In Falih ya dawo ya tarar da gona ba 'ya'ya, da me zan yi masa aure?"

"In ya dawo ya tarar ba gonar fa? Ina zai neme mu?"

Ya murza igiya ya ce: "Akwai hazon kogi da safe. Zan bi ta bayan kututture, ba zan ɗago kai sama da ganye ba. Kafin rana ta kore hazon na sauko."

Ta juya ta koma wajen tanderun gurasa.

Da gari ya waye hazon ya kwanta fari fat a kan ruwa. Mizhir ya hau dabinon farko. A al'ada mai hawa yakan ɗaga murya ya ambaci Allah, don matan maƙwabta su san akwai ido a sama. Ranar ya haɗiye kiran, karo na farko a rayuwarsa, ya ji kamar ɓarawo a gonar kakansa. Ya cusa, ya ɗaure, ya sauko, ya kama na gaba. Hannunsa ya saba, aiki yana ta ci. Ba ka jin komai sai ɗigar raɓa da wani gurnani can nesa, kamar hadarin da ya ƙi ƙarasowa.

Saura mafi tsayi, wanda ya ɗan karkata kan ruwa. Yana tsakiyar ɗaurinsa iska ta taso, hazon ya yaye gaba ɗaya, ƙetare ya bayyana sarai. Gonakin can sun ƙone, kututture birjik ba kawuna. Amma a daidai inda gonar Lafta take, akwai 'yan itatuwa a tsaye, kuma a kan ɗaya akwai mutum. Ƙarami ne daga nesa, ya jingina da igiya kamar yadda masu hawa ke yi.

Mizhir bai yi shawara da zuciyarsa ba. Hannu ne ya riga shi. Kafin ya tuna da hafsa, da maƙwabta, da alkawarin da ya yi, rawaninsa yana sama yana kaɗawa.

Mutumin can ya motsa. Ya ɗaga wani abu. Ko hannu ne, ko ƙyalle, ko wani abin da ya ƙyalla a rana, Mizhir bai tantance ba, don idonsa ya cika da hawaye.

Sai shiru. Ko tsuntsu bai yi kuka ba.

Yana rabin saukowa ya ji fito a sama. Harsashin babbar bindiga na farko ya faɗa kogi, ruwa ya tashi ya fi dabino tsayi. Na biyu ya faɗa magudanar bayan gidaje, ya watsa laka har rumfar Abbud. Daga nan ba a ƙara ba. Ba wanda ya mutu, amma kowa ya gane awon saiti aka yi, sauran na nan tafe.

Hafsan ya iso ya same shi a gindin itacen, igiya har yanzu a ƙugu.

"Ka gama, Baffa?"

"Na gama."

"Ni zan ce tsoho ne ya ruɗe. Ka roƙi Allah manyana su yarda, don ba ni kaɗai na ga rawanin nan ba, kuma akwai masu son tambayarka wa kake kaɗa wa. Ku ɗaure abin da za ku iya ɗauka. Motoci na zuwa."

Kafin la'asar an ɗora ƙauyen a bayan motoci: katifu, tukwane, tsofaffi a kan ƙofofin da aka ɓalle. Ba wanda ya zagi Mizhir, ba kuma wanda ya zauna kusa da shi. Abbud ma, da bakinsa ba ya rufuwa, rediyonsa ya rungume yana kallon ƙasa. Suna fita, motocin tuge itace suna shiga, sojoji na bin bayansu a jere, yawancinsu ko gemu ba su tsiro ba. Mizhir ya ga dabinon farko ya sunkuya, ɗaurin da ya yi da safe yana nan a furensa. Ya kau da kai.

Sai da ƙauyen ya ɓace a bayansu Hashmiya ta matso, ta kama gefen rigarsa. Ba maganar gona ta yi ba, ba ta gida ba.

"Abu Falih," ta ce a hankali, "shi ne? Yaya Lafta ne?"

Motar tana ta girgiza, bindigogin kudu sun fara magana, ita kuma ta zuba masa ido tana jira. Shi bai sani ba, har yau ɗin nan bai sani ba. To kai da ka zauna ka ji, da kai ne a bayan motar nan, me za ka ce mata?